Waya Biyar, Fuska Ɗaya

Ƙanen Yaya mai ɗinki ba shi da shago, ba shi da sana'a, amma duk layinmu babu wanda ya kai shi sanin aikin mutane. In keken ɗinki ya tsaya, kafin Yaya ta buɗe baki ya ce, "Bar mini." In injin Baba mai aski ya fara cizon gashi, "Bar mini." Ni da nake guga a shagon da ke manne da na Yaya, ya taɓa karɓar dutsen gugata ya kwance ya mayar, kusoshi uku suka yi saura, ya ce dama kamfani ne ya cusa su don burga. Tun daga nan muke kiran sa Barmini, kuma yana amsawa da fara'a kamar muƙami aka ba shi.

Abin ya faro ne wata rana da hantsi muna zaune a bencin ƙofar Yaya. Baba mai aski ya fito da waya a hannu, ransa a ɓace.

"Jiya na ce wa maiɗakina bayana yana ciwo," in ji shi. "Ita kaɗai na gaya wa, ƙofa a rufe. Yau da safe waya ta cika ni da tallar maganin ciwon baya. To wa ya tsegunta mata?"

Mai kanti ya ce, "Ni in kamfanonin waya za su saurara su saurara. Me za su ji? Akwai sabulu, babu ashana. Da ma su zo su taya ni zaman kantin."

Na ce ni abin da ke ci mini rai sabuntawar dole ce. Ka ajiye wayarka lafiya, ka ɗauka ka tarar an sauya wa komai wuri, kamar wani ya shigo ɗakinka ya juya maka gado. Kuma in sun tambaye ka, sai su ce yanzu ko anjima, ba za ka taɓa ganin inda aka rubuta a'a ba.

Yaya ta leƙo daga ciki da allura a baki. "Ni dai su yi duk abin da za su yi, kar a taɓa mini awo."

Ba wasa take ba. Tun da rufin shagonta ya yi yoyo ya jiƙa mata littafi, ta koma rubuta awon mutane a waya. Kuma a lokacin ta samu aikin da ta shekara tana nema: yunifom na masu gadi talatin da biyu na wani kamfani da zai buɗe sabon reshe. Yini guda ta ɓata tana auna su, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawon wando, duk yana cikin wayar. Yadi ne kawai bai iso ba. Shugaban masu gadin ya gaya mata in aikin ya yi kyau, ita za ta riƙa yi musu ɗinki daga yanzu.

Barmini ya bari kowa ya gama, sannan ya miƙe ya karkaɗe wando.

"Kun ba ni tausayi," in ji shi. "Kuna zaton ku kuka mallaki wayoyin nan? Su suka mallake ku. Baba, da me kake buɗe taka?"

"Da fuskata."

"To ka ji. Ka ɗauki fuskar da Allah ya ba ka, ka miƙa wa mutanen da ba ka san iyayensu ba. Yanzu haka tana can a wani ɗaki mai sanyi, suna kallon ta suna shan lemo."

Baba ya shafa haɓarsa. "To yaya za a yi?"

"Bar mini. Zan goge fuskokinku duka, in sa tawa. Ni na sadaukar. In za su kalla su kalle ni, ni na san yadda zan yi da su."

Mai kanti ya ce, "To lambar sirri fa?"

"Ni zan zaɓa muku, kuma ba zan gaya muku ba. Abin da ba ka sani ba, wa zai iya sace shi a bakinka?"

Kunya ba za ta hana ni faɗi ba, ni na fara miƙa tawa. Maganar ta zauna mini daram a lokacin. Baba ya bi, mai kanti ya ce tunda kyauta ne a yi masa. Yaya ce ta ƙi, sai Barmini ya bi ta ciki ya sassauta murya.

"Yaya, awon mutane amana ne ko ba amana ba? Kin san wayar nan tana aika kwafin komai zuwa ma'ajiyar kamfani? Ƙugun maza talatin da biyu yana can wata ƙasa. In suka ji, me za ki ce musu?"

Yaya mace ce mai tsoron cin amana. Ta miƙa masa. Ya kashe aika kwafin, ya goge wanda aka riga aka aika, sannan ya kunna wani abu ya nuna mana yana washe baki: duk wanda ya sa lambar da ba daidai ba sau goma, waya za ta share kanta tas. Yaya kaɗai ya yi wa wannan, wai ita jininsa ce, dole tsaronta ya fi na kowa.

Sai da ya gama muka gane abin da muka saya. Kira dai yana shigowa ka amsa, amma ban da wannan, da waya ta yi duhu sai an nemo Barmini. Da safe mukan yi layi a gaban benci, kowa ya ɗaga wayarsa, shi kuma ya juyo da fuska a hankali, ya ɗan ɗaga gira, waya ta buɗe. Yana cin abinci a kawo masa waya. Yana gyangyaɗi a tashe shi ya buɗe ido. Mai kanti ya koyi auna sukari da hannu ɗaya, ɗayan yana dangwalar gilashin waya kada ya mutu. Wata rana Baba ya bar mutum da rabin kai a aske ya bi Barmini har bakin titi, ya tsayar da motar hayar da ya shiga, ya zura waya ta taga.

"Baba, wannan wahalar fa?" in ji mai rabin kan, bayan Baba ya dawo.

"Ba wahala ba ce, 'yanci ne," in ji Baba yana haki. "Haka aka ce mini."

Tallar maganin baya kuwa ba ta fasa zuwa ba, har ta ƙaro da ta sanda. Barmini ya ce wannan alamar sun rikice ne, suna harbin iska.

Shi kam bai taɓa jin daɗin duniya irin na makonni biyun nan ba. Ya sayi man shafawa, ya daina zama a rana, ya hana Baba taɓa masa gashin baki, wai fuskar yanzu ta jama'a ce. Lambobinmu ya adana su a wayarsa, tasa lambar kuma kullum da safe yake canza ta, ya ɗauko daga jikin duk motar da ta fara wucewa, don kada ko shi kansa a iya hasashen sa.

Ranar Talata yadin Yaya ya iso, an makara ƙwarai, ga shi ranar Alhamis za a karɓi kaya. Ta ɗauko mata biyu da za su taya ta ɗinki, ta shimfiɗa yadi a tebur, ta wasa almakashi, ta ce a kira mata mai fuska.

Mai fuska yana waje ya ɗaga kai yana nazarin wani abu a ƙarƙashin rufin shago, wani ɗan dunƙule mai ƙananan ramuka.

"Kun ga wannan?" ya ce da mu. "Da suka ga na toshe musu waya sai suka biyo ta rufi. Kyamara ce. Ku ƙirga idanunta."

Baba ya ce, "Yaro, wannan sheƙar rina ce."

"Haka suke so ka zata, Baba. Ai ba za su rubuta kyamara a jiki ba."

Ya ari sandar da nake rataye kaya, ya hau benci, ya zungura. Ba zan ce na ga komai ba, don ina jin ƙugin farko na faɗa shago na ja ƙofa. Ta kafar ƙofa na hango shi yana tsalle yana marin kansa, ya yi gabas ya dawo ya yi yamma, takalmi ɗaya a ƙafa. Rina ba su taɓa hannunsa ko wuyansa ba, fuskar jama'ar suka nufa kai tsaye.

Kafin rabin awa idon hagu ya rufe ruf, na dama ya koma tsaga, leɓen sama ya kumbura ya sauko ya rufe na ƙasa. Mai kemis ya ba shi magani ya ce babu haɗari, amma kumburi sai ya kwana uku.

Yaya ta duba shi, ta tabbatar yana numfashi lafiya, ta sa masa ruwa a baki. Sannan ta ɗaga wayarta a gabansa. Waya ta ce ba ta gane fuskar ba.

"Haske ne," in ji Barmini, maganar tana fita da ƙyar. "A kai ni rana."

Aka kai shi rana, waya ta ƙi. Mai kanti ya kawo ƙanƙara aka danna masa har ya fara rawar ɗari. Baba ya tsaya a bayansa ya sa yatsu ya buɗe masa idanun da ƙarfi, ni na ɗage leɓen, Yaya ta saita waya. Abin da ya bayyana a gilashin ko mu da muka san shi mun ja da baya. Aka gwada hoton katin shaidarsa, ta ƙi. Mai kanti ya ce ai jini ɗaya ne, a sa wa Yaya hula a gwada tata. Yaya ta yi masa kallo ɗaya ya koma kantinsa, sannan ya sake dawowa, don ba ya son a ba shi labari.

Daga nan waya ta ce ta gaji da fuska, lamba take so.

"Kawo lambar," in ji Yaya.

"Tana wayata."

Wayarsa ma ta ce ba ta san shi ba. Baba ya fizge ta ya sa a aljihu. "Wannan kar a ƙara nuna mata shi. In kumburi ya sauka ta buɗe, mu kwashi lambobinmu. Sai dai in kana tune da taka."

"Ta jikin wata babbar mota ce, shuɗiya."

"Ina motar?"

"Ta wuce, Baba."

Zuwa lokacin layin ya cika. Masu jiran aski sun fito da tawul a wuya, masu wucewa sun tsaya, matan da Yaya ta ɗauko suna zaune a kan kekuna suna cin gyaɗa. Barmini ya ga taro, sai ƙarfinsa ya dawo.

"Ku kwantar da hankali. Lambar Yaya ni na gina ta da kaina. Shekarar haihuwarta ce, a juye, da lambar takalminta."

Ya danna. Ba daidai ba.

"Wace shekara ka sa?" in ji Yaya.

Ya faɗa.

"Wa ya ce maka a shekarar aka haife ni?"

"Ke kika faɗa, ranar da mai yadi ya tambaya."

"Wannan ta mai yadi ce."

Aka kwashe da dariya. Ya gwada ta gaskiya, wadda sai da Yaya ta raɗa masa a kunne, ba daidai ba. Ya sa takalmi a gaba, shekara a baya. Ya ce ko takalmin fita ne, don ya fi na gida girma. A na biyar waya ta ce a jira minti ɗaya, a na shida ta ce minti biyar, daga nan jiran ya yi ta tsawo. Barmini ya cike lokacin da wa'azi ta gefen baki.

"Kun ga ingancin aikina? Ni da na kulle ma na kasa shiga, balle ɓarawo."

"Ɓarawo ai da ya haƙura tuni," in ji mai kanti.

A na takwas ya ce ya tuna, ba takalmi ba ne, lambar gidansu ce ta da. A na tara ya ce lambar gidan maƙwabta ce, don ɓad da sawu. Rana ta karkata, yadi yana shimfiɗe ko tsaga ɗaya ba a yi masa ba. Waya ta rubuta cewa saura gwaji ɗaya.

Yaya ta karɓe ta a hankali ta ajiye a kan teburin yanka. Fuskarta babu dariya ko kaɗan.

"Ya isa. Zan je wurin shugaban masu gadi in roƙe shi kwana uku. In fuskarka ta dawo, mu ɗauko lambar a wayarka. Kar wanda ya taɓa ta." Ta juya gare ni. "Maƙwabci, ka raka ni, ba na son in je ni kaɗai."

Ta shiga ciki ɗauko mayafi. Ni kuma na juya rufe shagona. Wani daga cikin masu tawul ya ce, "Ashe gwanin ma yana da iyaka." Aka yi 'yar dariya, ba ma mai yawa ba. Amma Barmini bai iya haɗiye irin wannan.

"Na tuna," na ji ya ce. "Wallahi yanzu na tuna."

Baba ya yi kukan kura, amma tsufa ya riga ya ci ƙafa. Kafin ya kai tebur an danna lamba shida. Gilashi ya yi baƙi, wani ɗan zare ya fara tafiya daga hagu zuwa dama, duk muna kallo. Da ya kai ƙarshe waya ta haskaka, ta yi wa Yaya barka da zuwa, ta tambaye ta wane harshe take so.

Yaya ta fito da mayafi a hannu, ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"Yaya," in ji Barmini, "ki kalli alherin da ke ciki. Yanzu duk duniya babu kamfanin da ya san awon mutanen nan."

"Har da ni," in ji ta.

Ba ta zage shi ba, kuma da ta zage shi da ya fi mana sauƙi. Ta ɗauki tef ɗin awo ta rataya a wuya, ta karɓi sabon littafi da biro a kanti ta miƙa mini, muka kama hanya. Barmini ya biyo mu a baya da takalmi ɗaya nasa ɗaya na aro, yana cewa shi zai yi wa shugaban bayani, don magana ce ta fasaha, ba kowa zai iya ta ba. Rabin layin ma suka biyo, wai rakiya.

A ƙofar kamfanin shugaban masu gadi ya fito da kansa, dattijo mai sanda a hammata. Ya saurari Yaya har ta gama, ya girgiza kai.

"Baiwar Allah, da awon yana nan, kwana uku ba komai ba ne, da na ƙara miki. Amma mutanen da kika auna an rarraba su wurare, wasu ma ba sa gari. Goma sha huɗu ne a nan. Ki auna su ki ɗinka. Sauran sha takwas akwai telan da ke da tsohon awonsu, dole in mayar masa. Maganar gaba kuma, sai abin da manya suka ce, don ba zan ɓoye musu ba."

Na ga idon Yaya ya ciko, ta sa bakin mayafi ta goge da sauri. Shekara guda tana bin aikin nan, na san sau nawa ta zo ƙofar nan aka ce ta dawo gobe. Raina ya ɓaci, har da haushin kaina, don ni na fara miƙa waya.

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji ta. "Sha huɗun ma Allah ya sa albarka."

Aka buɗe mata ƙaramar ƙofa. Ni aka duba katina, aka dube ni, aka ce in shige. Barmini ya gyara wuyan riga ya matso.

"Ranka ya daɗe, bari in fayyace maka yadda abin yake. Akwai abin da ake kira tsaron bayanai..."

"Kati," in ji shugaban.

Ya miƙa. Dattijon ya dubi hoton, ya dubi fuskar, ya sake duban hoton, ya kira wani mai gadi shi ma ya duba.

"Wannan ba kai ba ne."

"Ni ne, ranka ya daɗe. Rina ce."

"Kowa da abin da yake cewa. Mutumin da ke katin nan yana da ido biyu."

'Yan rakiya suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Barmini ya leƙa ta saman ƙofar da tsagar idonsa.

"Ga yayata nan, uwa ɗaya uba ɗaya. Yaya, gaya musu."

Shugaban ya juya. "Baiwar Allah, in kin tsaya masa sai ya shiga. Kin san shi?"

Yaya ta tsaya da tef a wuya, masu gadi goma sha huɗu sun fara jeruwa a bayanta. Ta dubi ƙanenta tun daga goshi har haɓa, a natse, ba ta yi gaggawa ba.

"Ban gane fuskar ba," in ji ta. "Maƙwabci, buɗe littafi, mu fara da kafaɗa."